Masu cewa "ki ɗaukaka ƙara", ku ne za ku biya?

Akwai wata shawara da ke yawo a zaurukan WhatsApp na mutanenmu mazauna Ingila, kuma lokaci ya yi da za a taka mata birki. Aure ya mutu, an je kotu a kan gida, mace ta faɗi, alƙali ya ce ta biya kuɗin lauyan mutumin da ta haifa wa 'ya'ya uku. Kafin hawayenta su bushe sai a taso ta a gaba: "Hajiya ki ɗaukaka ƙara, wannan ai zalunci ne, kotun sama za ta rushe shi." Masu wannan magana ba sa tambayar nawa ake bin ta, ba sa tambayar kwana nawa ya rage mata, kuma ranar da takardar bashi ta biyu ta iso babu ko ɗayansu da zai sa hannu a aljihu. Ni a wajena wannan shawara, a mafi yawan lokaci, tura mutum rami ce. Zan faɗi dalilina, zan kuma faɗi waɗanda nake ganin su ne da laifin tun asali, ko da za a ji haushina.

Me ma ya kai ta wannan kotun tun farko? A dokar Ingila da Wales babu rabin aure. Ko dai aurenku ya bi ƙa'idar da doka ta sani, ko kuma ku biyun baƙin juna ne da suka haɗa gida. Wanda aka ɗaura masa aure a Kano ko Zariya ko Maraɗi bisa tsarin da ƙasar ta yarda da shi, sannan ya taho da iyalinsa, galibi Ingila tana karɓar wannan auren. Matsalar tana kan wanda aka ɗaura a can cikin Ingila, a falon wani kawu a Peckham ko a ɗakin taro a Manchester, da waliyyi da shaidu da sadaki da goro, amma ba a je ofishin rajista ba, kuma wurin ba masallacin da aka yi wa rajistar ɗaurin aure ba ne. A wajen Allah da wajenmu aure ne cikakke. A wajen alƙalin Ingila kuwa, ku yi haƙuri da kalmar, zaman dadiro ne.

Wanda yake ganin na cika baki ya nemi labarin Nasreen Akhter da Mohammed Shabaz Khan. An ɗaura musu aure a wani gidan cin abinci a unguwar Southall ta Landan a 1998, suka yi shekara 18 tare, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ta ce ta sha neman su je su yi rajista yana ƙi. Da suka rabu, alƙalin babbar kotu a 2018 ya nemo mata wata kafa da za ta iya neman haƙƙinta, amma a Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta toshe kafar, ta ce abin da aka yi a Southall bai ma kai matsayin auren da za a ce ya ɓaci ba. Babu shi kawai. Kuma wannan baiwar Allah lauya ce fa! In mai sana'ar ta faɗa wannan rami, ina ga ƙanwarka da ta zo karatu ko aikin kula da tsofaffi shekara uku da suka wuce? A 2017 gidan talabijin na Channel 4 ya tambayi matan Musulmi sama da 900 a Birtaniya, ya tarar kusan shida cikin goma aurensu na addini ne kawai, babu rajista.

To ga inda kuɗin shari'a ya shigo, kuma nan ne mutanenmu ba su gane ba. Matar da aurenta ke da rajista, in an rabu, kotun iyali take zuwa. Alƙalin can yana da ikon raba dukiya bisa buƙata, ya duba yara, ya duba shekarun da ta yi tana raino da girki, ko da sunanta ba ya kan takardar gida. Kuma ƙa'idar can ita ce kowa ya biya lauyansa. Wadda ba ta da rajista kuwa, ƙararta a kan gida tana tafiya ne a ƙarƙashin wata dokar filaye ta 1996 da lauyoyi ke kira TOLATA, bisa ƙa'idojin ƙarar farar hula, irin waɗanda ake yi wa 'yan kasuwa biyu da suka saɓa a kan shago. Tambayar alƙali ɗaya ce: gidan na wa ne, kuma kaso nawa? Ba ruwansa da wa ya fi buƙata. Sannan ƙa'idar kuɗi a nan ita ce wanda ya faɗi shi ke biyan wanda ya ci.

Bari mu yi lissafi da misali, lambobin nawa ne don a fahimta. A ce gida ya kai fam 300,000, bashin banki da ya rage fam 200,000 ne. Abin da ake faɗa a kai ke nan fam 100,000, ita tana neman rabi, fam 50,000. A ce kowane ɓangare ya kashe fam 40,000 wajen lauyoyi kafin a gama. Ta faɗi. Nata fam 40,000 ya tafi, sannan kaso mafi tsoka na nasa ya hau kanta. Ta shiga neman 50,000 ta fito da asarar da ta haura abin da ta je nema. Garin neman gira an rasa ido. In ba a ce komai ba, kwana 14 take da shi ta biya abin da aka yanka, kuma alƙali yakan sa a ba da wani kaso nan take tun kafin a gama tantance jimlar.

Har wadda ta ci ma ba ta tsira ba. Akwai wani tarko da ake kira tayin Sashe na 36. Lauyansa zai rubuto a hukumance: ga fam 35,000, ki karɓa a rufe magana, kina da kwana 21. Ƙawaye da 'yan'uwa su ce kar ki yarda, raini ne. Aka je gaban alƙali ya ba ta fam 30,000. A ido ta yi nasara, amma da yake ba ta wuce tayin da ta ƙi ba, kuɗin lauyansa tun daga ƙarewar waɗancan kwanaki 21 har ranar hukunci ita za ta biya, da ruwa a kai. Kuma mafi tsadar aiki, wato zaman kotun kansa, a cikin wannan tsakanin yake.

Yanzu mu zo kan "ki ɗaukaka ƙara". Jama'a, ɗaukaka ƙara a Ingila ba haƙƙi ba ne da mutum zai ɗauka kawai ya tafi da shi. Sai an ba ka izini, ko daga alƙalin da ya yanke hukuncin ko daga kotun da ke samansa, kuma ba a bayarwa sai an ga akwai yiwuwar nasara ta gaske ko wani dalili mai ƙarfi na daban. Kwana 21 ne daga ranar hukunci, in alƙali bai sa wani wa'adin ba. Kotun sama ba za ta sake sauraron shaidu ba, ba za ta karɓi sababbin takardun da kika manta a jaka ba sai da ƙyar da jiɓin goshi. Bitar abin da aka yi kawai take yi. Shigar da ƙarar kuma ba ya dakatar da biyan bashin, sai an nemi umarnin dakatarwa daban an samu.

Wannan duk a kan hukunci na yau da kullum ke nan. A kan kuɗin shari'a kuwa ƙofar ta fi haka ƙunci, don doka ta bar wannan a hannun alƙalin da ya zauna ya ga kowa da idonsa. Manyan alƙalan Ingila sun maimaita shi har sun gaji: ba za su taɓa hukuncin kuɗi ba don kawai da su ne da sun yanke daban. Sai an nuna cewa alƙalin ya kauce wa ƙa'ida, ko ya bar abin da dole ya duba, ko ya sa abin da bai kamata ba a ma'auni, ko kuma hukuncin ya fita daga iyakar abin da mai hankali zai iya yankewa. "Kuɗin sun yi mini yawa" ba hujja ba ce a nan. "Shi ne ya ci amanata" ba hujja ba ce. "Ina da yara" ma, abin takaici, ba ta buɗe wannan ƙofa. Za ki biya kuɗin shigar da ƙara, ki biya a rubuto miki abin da alƙali ya faɗa kalma da kalma, ki biya lauyan da zai tsara hujjoji. In aka ba ki izini kika je kika sake faɗi, kuɗin lauyansa na wannan zagayen ma naki ne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, gardin kuma kun san ko wane ne, yana can ofis da baƙar kwat.

Kar wani ya ce na ce ba a taɓa cin irin wannan ƙara. Ana ci. In alƙali ya ruɗe wajen gane wanda ya yi nasara a zahiri, ko ya yi biris da tayin sulhun da aka rubuta bisa ƙa'ida, ko ya yanke ba tare da ya ba ki damar magana a kan kuɗin ba, ko ya kasa faɗin dalilinsa har ba a iya gano shi, to akwai abin kamawa. Haka in ɗaya ɓangaren ya ƙi zaman sasanci ba gaira ba dalili kuma alƙali bai ko waiwayi wannan ba. Tun shari'ar Halsey ta 2004 kotunan Ingila suka amince cewa wanda ya ci ma ana iya rage masa kuɗin da zai karɓa in ya ƙi sasanci da gangan, a 2013 kuma suka ƙara da cewa yin shiru ga goron gayyatar sasanci shi kansa laifi ne. Amma wannan abu ne da lauya zai karanta hukuncin ya rubuta miki ra'ayinsa a takarda, ya ce kashi kaza cikin ɗari nake ganin za ki ci, ga kuma abin da za ki yi asara in kin faɗi. Ba aikin anti mai saƙon murya na minti tara ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wurin da ya kamata a yi faɗan kuɗin ana barinsa ya wuce a banza. Ranar da alƙali ya karanta hukunci, a nan take ake jayayya kan wa zai biya, sau da yawa cikin 'yan mintuna, kowa ya gaji, mace tana kuka, lauya yana duba agogo. A wannan lokacin ne ake fito da wasiƙun tayin da aka ɓoye wa alƙali, a nuna masa wanda ya nemi sulhu da wanda ya toshe kunne, a nuna batutuwan da mai nasara ya tayar ya faɗi a kansu don a rage masa. Wanda bai faɗi nasa a ranar ba, kotun sama za ta tambaye shi me ya hana. Bayan haka akwai wata hanya da ba ta da hayaniya: jayayya a kan yawan kuɗin. Idan aka aiko miki da jerin abin da lauyansa ya ce ya kashe, kina da kwana 21 ki rubuta ƙin amincewarki layi bayan layi, wannan awa ta yi yawa, wannan aiki an maimaita shi, wannan bai dace da girman ƙarar ba. Ana samun ragi ta nan. In kika yi shiru kuwa, takardar biyan jimlar gaba ɗaya za a fitar a kanki. Ban taɓa jin masu ihun ɗaukaka ƙara sun ambaci wannan ba, don ba shi da daɗin faɗi a zaure.

Wasu za su kawo mini Patricia Jones, su ce ai ga mace ta je har Kotun Ƙoli ta samu kashi 90 cikin ɗari na gida a 2011. Gaskiya ne. Amma ku karanta labarin duka. Ita da Leonard Kernott sun sayi gidan a 1985 da sunansu su biyu, ya fita a 1993, ita ta ci gaba da biyan bashin gidan ita kaɗai shekara da shekaru. Duk da haka sai da ta bi kotu huɗu, a ta uku ma an kayar da ita an ce rabi da rabi ne. Kuma faɗanta a kan kason gida ne, ba a kan kuɗin lauya ba. Labarin da ya fi kama da na matanmu shi ne na Valerie Burns: shekara 19 a gida, 'ya'ya biyu, har sunan mutumin ta ɗauka, amma gidan da sunansa yake shi kaɗai. Ta fita ba ko sisi daga gidan. Sama da shekara arba'in ke nan da wannan hukunci, kuma har yau in gida da sunan namiji yake, ita ce za ta kawo hujjar cewa sun yi niyyar mallaka tare kuma ta yi wani abu a kan wannan niyyar da ya ci mata. Cefane da kuɗin wuta da rainon yara, su kaɗai, da wuya su isa. Eh, akwai dokar yara ta 1989 da za ta iya sa a ba ta wurin zama saboda 'ya'ya, amma aro ne, yara na girma gida ya koma wa mai shi.

Gwamnatin Birtaniya tana da nata kason laifin, babba ma. Hukumar gyaran dokokinsu ta ba da shawarar a yi wa masu zama ba rajista doka tun 2007, aka jefa a kwandon ajiya. Scotland ta yi tata tun 2006, ko da yake mazauna Glasgow da Aberdeen su lura, shekara ɗaya tak ake da ita bayan rabuwa a shigar da buƙata. Kwamitin da Farfesa Mona Siddiqui ta jagoranta ya ce a 2018 a wajabta rajista tare da ɗaurin aure na addini. Ma'aurata marasa rajista a Birtaniya sun kai miliyan 3.6 a 2021, kuma wani bincike na 2019 ya nuna kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales suna zaton daɗewar zama tare tana ba da haƙƙin aure. Turawan da kansu ke nan ba su san dokarsu ba. Ga shi tun 2013 an datse tallafin lauya na gwamnati a yawancin rigingimun iyali. Ƙasar da ke tura uwa mai goyo kotun 'yan kasuwa, ta hana ta lauya, sannan ta ɗora mata kuɗin abokin faɗanta, ba ta da bakin yi wa kowa wa'azin haƙƙin mata.

Amma ni ba majalisar Landan ce ke karanta shafina ba, ku ne. Don haka bari in juyo gida.

Maza, mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawanmu da gangan muke ƙin rajista. Ana faɗa a majalisa ana dariya: "Kar ka sake ka sa hannu, rabin gidanka za ta kwashe." Wasu kuma mata ta biyu ce, kuma sun san dokar Ingila ba za ta rubuta aure biyu ba, sai a ɗaura a falo a yi shiru, ita amaryar ba wanda ya gaya mata matsayinta. Hujjar da ake fakewa da ita ita ce Shari'a ba ta ce a raba dukiya biyu ba. To na ji. Amma Shari'ar ce ta ce ka karɓi albashinta na aikin dare ka zuba a bashin gidan da ke da sunanka kai kaɗai, ranar rabuwa ka ce kyauta ta ba ka? Dukiyar mace tata ce a Musulunci, ko kwabo ne. Ayar kyautar saki tana nan a Suratul Baƙara, ban ga masu tsoron dokar Bature suna rige-rigen aiki da ita ba. In da gaske tsoron rabin dukiya ne, ai akwai yarjejeniyar kafin aure, kuma tun hukuncin Radmacher na 2010 kotunan Ingila suna ba ta nauyi in an yi ta da yardar kowa kuma babu cuta a ciki. Ka yi rajista, ka rubuta yarjejeniya, kowa ya san nasa. Wanda ya ƙi duka biyun, ba Shari'a yake karewa ba, aljihunsa yake karewa da rawanin malamai. Kuma ku sani wuƙar nan tana yanka ta kowane gefe: namijin da ya zuba kuɗinsa a gidan da aka saya da sunan matar, saboda takardunta sun fi nasa ƙarfi a banki, shi ma wannan kotun zai je, shi ma haka za a yi masa.

Iyaye da ke gida, ku ma. Ana kiran ku a waya a ce an samu miji a Landan, ku wakilta wani ya karɓi sadaki, ku yi ta murna. Tambaya ɗaya ba ta wuce ƙarfinku ba: an je rajista? Sanarwar kimanin wata guda ce a ofishin ƙaramar hukuma, kuɗinta bai kai na ankon ƙawayen amarya ba. In kuma za a sayi gida, a cikin takardar mallakar akwai gurbin da ake rubuta kason kowa, kuma abin da aka rubuta a nan shi kotu ke bi, ba sai an tono saƙonnin waya na shekara goma ba.

Sai malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, da girmamawa nake magana. Kun fi kowa sanin wannan matsala, don wajenku matan nan ke dawowa da kuka. Akwai masallatai a Ingila da suka daɗe da kafa sharaɗi: ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar rajista, ko kuma sun yi wa masallacin rajista yadda ɗauri ɗaya zai wadatar ta fuska biyu. Addininsu bai ragu da komai ba. Me ya hana namu? Kunyar ango? Kunyar Alhajin da ya ba da gudunmawar kafet? Malam, auren da za ka ɗaura ranar Asabar mai zuwa, ka tambayi ango takardar tun kafin a buɗe ƙwaryar goro. In ya ce za a yi daga baya, ka tuna haka aka ce wa Nasreen Akhter a 1998, ka ce masa kai ma za ka ɗaura daga baya.